Ba a Jidda Aka Ɗauki Hoton Kaka Ba

Ƙanshin gahawa da hel ne ya cika lungunmu a Nuzla ranar da aka kai Kaka makwancinta. Tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba maƙwabta suka ɗora tukwanen shinkafa da hummus, kamar yadda ake yi a duk gidan rasuwa a Jidda, aka jera kujerun haya daga ƙofar gidanmu har bazan, famfon unguwa, inda masu ga-ruwa ke cika garewaninsu. Ni aka miƙa wa butar gahawa a ɓangaren mata, don ni ce jikar da ta fi zama a ɗakinta. Ina zubawa ina jin wani wari a ƙarƙashin ƙanshin, warin daddawarta da ke cikin gwangwani a bayan ƙofa. Ba wanda ya tuna ya ɗauke.

Mata suna ta shigowa. Haifaffun nan su rungume Ummana su ce, “Azzamallahu ajrakum.” Tsofaffin da suka zo ƙasar nan da ƙafa su durƙusa su ce, “Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa can ya fi mata nan.” Wata ta share hawaye ta ce, “Baiwar Allah mai sanyin hali, ko sau ɗaya ban ji ta ɗaga murya ba.”

Ƙawar Kaka tana zaune a gefe, tsohuwar Bahaushiyar Sudan da suka yi shekaru suna sayar da gyaɗa tare a ƙofar makarantar yara. Ta sauke tasbaharta.

“Wa? Ita? Ku dai ku roƙa mata gafara. Amma kada ku yi mata ƙarya tun ƙasa ba ta bushe a kanta ba. Wannan ko masu rusa runfunan talla sai da suka san sunanta.”

Aka yi dariyar da ake yi a gidan makoki, wadda ake rufe baki da mayafi. Sai wata baƙuwa, matar abokin Baba Babba, yayan Abbana, ta ɗaga kai ta ga hoton da ke rataye a bango.

“Masha Allah. Ai 'yar asalin Jidda ce, tun shekarar da aka yi wa garin ƙawanya. Ga ta nan jikin dabbaba, goye da babban ɗanta.”

Ni ba mai magana ba ce cikin mutane. A makaranta ma malamai sukan ce jikina ne a aji, hankalina yana bakin teku. Amma sai na ji muryata ta fita, kofi yana hannuna:

“Ba a Jidda aka ɗauke shi ba, Khala. Kuma ba shi ne a bayanta ba.”

Ummana ta mintsine ni a cinya. Ƙawar Kaka ta ɗauki tasbaharta ta ci gaba da ja, tana murmushi.

Shekaru sun wuce, har yanzu nakan ji ana maimaita maganar baƙuwar nan a gidajen biki. Yaran gidanmu da ke tasowa sun fi jin Hausa da yin ta, abin da aka faɗa musu da Larabci shi suke riƙewa. Shi ya sa nake rubuta wannan, kuma da Hausa, don Kaka ta sha cewa ba ta yarda a yi mata kuka da harshen da ba ta yi mafarki da shi ba.

Hoton bai fi tafin hannu ba, ya yi ja-ja saboda tsufa. Akwai tankar yaƙi a ciki, wadda mu nan muke kira dabbaba, Kaka kuwa kunkurun ƙarfe take ce mata. Tankar ta karkace gefen hanya, sarƙar ƙafarta ɗaya ta tsinke ta kwanta a ƙasa kamar mataccen maciji. An shanya wani ɗan zane a kan bakin bindigarta. A gabanta wata siririyar mace tana tsaye, ta haɗe rai saboda rana, da goyo a bayanta. Ba a ganin fuskar goyon sosai, sai ƙeya da kunne ɗaya da ɗan hannu a kan kafaɗar uwar. Can baya akwai dutse mai tsawo, an jibga masa manyan duwatsu kamar da gangan. A gefen dama kuma, a da, akwai itacen kuka.

Tun ina ƙarama nake kwanciya a tabarmarta ina kallon hoton nan har in ji kamar na shiga ciki. Ina jin zafin ƙarfen, ina jin ƙudaje. Kaka tana ɓare gyaɗa tana ba ni labarin a gutsuttsure, ba ta taɓa jero shi daga farko zuwa ƙarshe ba.

Sun taso daga ƙasar Katagum ita da Kakanmu namiji da niyyar hajji, Baba Babba yana ɗan tatata. Suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga, a can aka haifi Abbana. Da suka tasar wa Musawwa don su sami jirgin ruwa, sai yaƙin Ingilishi da Taliya ya tare hanya. Bayan wuta ta lafa suka yada zango kusa da wani gari da ake kira Karan, cikin duwatsu. A nan Kaka ta kafa murhu jikin mataccen kunkurun ƙarfen, don yana tare mata iska, tana sayar wa sojoji shayi da ƙosai.

“Kin ga kukar nan?” takan ce. “Rabona da ganin kuka mai kyau haka tun gida. Na sa aka hau aka tsinko mini ganye. Mutanen wurin suna kallona suna dariya, wai mun zo daga nesa mu ci itace.”

“Wa ya ɗauke ki hoton, Kaka?”

“Wani Bahindiye mai rawani. Ya ci ƙosai ya rasa bakin godiya, ya fito da akwatinsa. Na ce masa ni ba na so. Bai ji Hausa ba, ni ban ji nasa ba.”

“To goyon fa?”

“Gwaggonki ce. Auta.”

Sai ta hura ɓawon gyaɗa. Sai da na girma ta ƙarasa mini. Bahindiyen ya tafi Asmara, ya dawo da hoton a aljihu yana murna. Ya tarar da ita a wurin murhun, bayanta babu kowa. Zawo ne ya ɗauke yarinyar, ba ta kai yaye ba. A gindin kukar aka binne ta.

Kaka ba ta san shekara da lissafi ba, nata ko na Turawa. In an tambaye ta yaushe ne, cewa take, “Shekarar da Taliya ya gudu. An yi babbar salla muna Kasala, mun rasa hajjin shekarar. Ana cikin rani, kukar ma da ƙyar aka sami ganye a samanta.” Ba ta taɓa ƙara wa wannan komai ba, ba ta taɓa ragewa ba.

Haka take a komai. Ba ta zuba wa kunu ruwa don ya yi auki. In gyaɗarta ta kwana takan faɗa wa mai saye, “Ta jiya ce, in ba ka so ga ta ƙawata.” Ta ƙi koyon Larabci sai na salla da na ciniki, da kalmomi biyu da take so, halas da yalla, wato shi ke nan da maza-maza, waɗanda take jefa wa kowa har limamin unguwa. Kuka da daddawa kuwa alhazan Nijeriya ke kawo mata duk shekara, ta ɓoye kamar zinariya. Amma in ta ji wata baƙuwa ta haihu a unguwa, babu uwa babu dangi, sai ta kwashi rabi ta tafi. Ta yi wa mata da yawa wankan jego waɗanda ba ta san ko sunan garinsu ba. Takan ce, “Mai jego a baƙon wuri, ni na san abin da take ji.”

Abu ɗaya ne haifaffun Jidda ba su gane ba a halinta: yadda take yi da Baba Babba. Ɗan fari ne, Kaka kuwa mutuniyar da ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska bango ta amsa. In tana da saƙo sai ta ce da ni, “Ki faɗa wa wancan,” alhali yana durƙushe a gabanta. Matarsa, wadda aka haifa a unguwar Mahjar ta nan Jidda, ta daɗe tana zaton ƙiyayya ce. Ni kuwa na sani, don ni ake aika. Ƙanzon tuwo mafi kyau, wanda ta jiƙa da man shanu, shi take rufe wa a kwano, ta ce, “Kai can gidan. Kada ki ce daga ina.”

Baba Babba ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, har ya zama shugaban wasu 'yan dakon. Mutum ne dogo mai tsabta, mai son a yi komai bisa tsari. Duk gidanmu da iƙama muke zaune, takardar zaman baƙo, wadda sai da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, ake sabunta ta. Kafilinsa ya tsufa, 'ya'yan kafilin kuma ba su san shi ba. 'Ya'yansa maza sun isa aiki, ko'ina aka je sai a tambayi tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa. Ni ma na kusa gama makaranta, ina son shiga ta horon malamai mata, ita ma ba ta ɗaukar mai iƙama.

A lokacin ana cewa duk gidan da ya tabbatar yana garin tun kafin a haɗe ƙasar, ana iya ba shi tabi'iyya. Ana son shaidu biyu a gaban umda, mai unguwa ke nan, da rantsuwar tsohon gida. Wani mai rubuta wa mutane takardun koke ne ya ga hoton ya sa wa Baba Babba tunanin. Ya ce ai lokacin ƙawanyar Jidda ma an yi amfani da motocin ƙarfe, wa zai bambance? Ga mace, ga goyo, shekarun goyon sun yi daidai da naka. Tsohuwa ta ce kai ne, halas.

Da la'asar ya zo. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi bayani a hankali, da Hausa, yana tsinto kalmomi. Abbana yana tsaye a tsakar gida yana kallon ƙasa. Kaka ta saurara har ƙarshe, fuskarta a bango.

“Ki tambayi wancan, a Jidda ya taɓa ganin kuka?”

“Inna, ba wanda zai duba itace.”

“Ki tambaye shi, wane dutse ne wannan a Jidda? Ko an kwashe shi ne da muka zo?”

“Inna, don yaran nan ne. Ga wannan ma,” ya nuna ni, “karatunta zai tsaya.”

“Ki ce masa ko makaho ya shafa hoton nan ya san ba shi ba ne. Ni, in goyi ɗan fari in tsaya tsakiyar hanya namiji ya ɗauke ni hoto? Da wane idon? Duk tsohuwar da ke Nuzla za ta yi mini dariya har kabari.”

A nan ne Baba Babba ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya matso har gefen tabarmarta.

“Inna, ki dube ni. Ni ne nake magana, ba yarinya ba. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba, ban ce komai ba. Ko a takarda ne, ki goya ni sau ɗaya.”

Na ga hannun Kaka ya tsaya a cikin gyaɗa. Ba ta juyo ba.

“Ki faɗa masa,” ta ce, muryarta ta yi ƙasa, “daga Katagum har Abeshe a bayan nan ya zo. Babu kaka a hanya, babu gwaggo da zan miƙa wa. In mun hango mutane in sauke shi, in mun wuce in mayar. Bayan nan ya san nauyinsa. Amma wannan goyon ba nasa ba ne. Shi yana da gida, yana da 'ya'ya, yana da suna a bakin mutane. Ita kunne ɗaya gare ta a duniya da hannu ɗaya, ga su nan. Ba zan karɓe in ba shi ba.”

Ya tashi ya fita. Abbana ya bi shi da kallo. Shi Abbana yana yaro lokacin da suke Karan, abin da ya riƙe kawai shi ne ƙarfen dabbabar yana ƙona tafin ƙafa in an hau da rana.

Da hajji ya zo muka sauki alhazai a tsakar gida kamar kullum. Cikinsu akwai wani tsoho daga Zariya, tsohon soja, mai son labari, kowace magana sai ya ce “lokacin da nake saja.” Baba Babba ya ga dama ta samu. Ya ciro hoton ya kai masa gaban mutane, yana fatan ya ce irin motocin da ne, na kafin yaƙin Turawa.

Tsohon ya sa tabarau, ya kai hoton nesa, ya dawo da shi kusa. Sai ya fashe da dariya har da buga cinya.

“Kai! Gwangwanin kifi! Alhaji, ina ka samo wannan? Ta Taliya ce. Mun gan su a hanyar Habasha, an zubar da su gefen titi kamar tukwanen da suka fashe. Mutum ya shiga ciki da rana, kafin azahar ya nuna.”

“Ba ta fi haka tsufa ba?” in ji Baba Babba. “Wasu sun ce a nan ne.”

“A nan ina? Da kuka? Alhaji, ni fa na yi fareti a ƙasashe, ban zo hajji in yi ƙarya ba.”

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Kaka: “A ƙara wa Saja shayi. A sa masa sukari da yawa.”

Bayan alhazai sun tafi, wata safiya Kaka ta tafi wankan jego, ni ina makaranta. Da muka dawo hoton yana nan a ƙusarsa, amma ya rage faɗi. An bi gefen dama da almakashi, an yanke kukar tsaf. Sai wani ɗan reshe da ya rage a sama, kamar yatsa.

Na zaci za ta yi kururuwa. Ta ciro shi, ta shafa inda aka yanke da babban yatsanta, ta daɗe tana shafawa. Ita kaɗai ta san abin da ke gindin itacen nan, ita da waɗanda suka tsaya a wurin.

“To,” ta ce. “Ya sare kuka. Saura dutsen. In ya gama ya zo ya yanke harshena.”

Daga ranar ta buɗe makaranta. Duk jikan da ya zo neman gyaɗa sai ya tsaya gaban hoton ya biya.

“Ina ne nan?”

“Karan!”

“Yaushe?”

“Shekarar da Taliya ya gudu!”

“Wa ke baya?”

“Gwaggo Auta!”

“Me aka yanke?”

“Kuka!”

“Yalla, buɗe hannu.”

Har 'ya'yan Baba Babba ƙanana, waɗanda ba sa iya haɗa jimla ɗaya da Hausa, sun haddace. Suna wasa a lungu suna rera shi kamar waƙa. Ta faɗa wa masu sayen gyaɗa, ta faɗa wa mai ga-ruwa, ta faɗa wa matar limam. Ƙawarta ta ce mata, “Ke, kina so ki hana jikokinki zama ne?” Kaka ta ce, “Zama na Allah ne. Da ƙafa na zo, ban ɓoye wa kowa ba. In ƙasar nan za ta karɓe mu, ta karɓe mu da ƙurar ƙafarmu.”

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka abin bai ci kowa ba. Ya ci. An buɗe ɗaukar ɗalibai a makarantar malamai, ƙawayena suka shiga, ni na zauna a gida ina koya wa yaran maƙwabta karatu a kan tabarma. Wata rana ina tsefe mata kai, hawayena ya ɗiga a wuyanta. Ta kamo hannuna ba ta waiwayo ba.

“Kina jin haushina, uwar ɗakina?”

“A'a, Kaka.”

“Ƙarya kike, kuma ba ki iya ba. Ji haushina, ya halatta. Amma ki saurara. Ranar da na ɗaga hannu na ce wancan ne a bayana, to ban taɓa haihuwar mace ba ke nan. Ba a yi ta ba, ba ta sha nonona ba, ba ta mutu ba. Ranar tashi in ta tambaye ni, Inna, ina kika kai ni, in ce na sayar da ke na sayo wa 'yar wanki kujerar makaranta?”

Na ce, “Da ta yarda, wataƙila.”

“Wataƙila. Amma ba ta da bakin da za a tambaye ta. Shi ya sa nake da shi.”

Ban daina son makarantar ba. Har gobe in na wuce ƙofarta sai na rage tafiya. Amma tun daga ranar na daina ganin goyo a hoton, na fara ganin gwaggona, wadda da ta rayu da yanzu tana da jikoki, da wataƙila ita ce za ta riƙa yi mini kitso tana zagin gashina. Nakan yi mata fuska a raina. Wani lokaci ta yi kama da Abbana, wani lokaci da ni.

Ciwon Kaka bai yi tsawo ba. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Baba Babba yana zuwa kullum bayan ya tashi daga aiki, ya zauna a bakin ƙofa, ba ya magana, ita ma ba ta yi. Ranar da abin ya yi tsanani, da hantsi, ta ce in ba ta ruwa. Na kawo. Ta ture kofin da bayan hannu.

“Ba wa wancan ya ba ni.”

Ya taso ya tallafo kanta. Ta sha kaɗan, idonta a rufe. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan, ni dai a gabana.

Da aka share makoki, Baba Babba ya shigo ɗakin ya cire hoton daga ƙusa ya sa a aljihun gaba. Shi ne babba, ba mai hana shi. Yanzu babu tsohuwar da za ta ƙi rantsuwa. Shi ne tsohon gida, rantsuwarsa ta isa. Ya sami shaidunsa biyu, ɗaya ma yayan matarsa ne. Na tsaya a ƙofa na ce, “Baba, Karan ne.” Ya dube ni, ya ce, “Matsa, 'yata.” Na matsa.

Ranar da suka je wurin umda ya sa farar riga sabuwa. Ya dawo kafin azahar, ya ce da mutanen gida, “Ba a karɓa ba. Halas, kada a sake tayar da maganar.” Hoton bai dawo bango ba. Baƙuwar nan da irinta suka ci gaba da faɗin abin da suka ji tun farko, shi kuwa bai gyara musu ba, bai kuma ƙara faɗa ba. 'Ya'yansa suka shiga aikin ƙarfi, daga baya wasu suka samu aiki a unguwar masana'antu da aka buɗe, har yau da iƙama. Ni kuma na riƙa gaishe shi gaisuwar da ba ta wuce baki. A raina ya ɗaga hannu ya rantse a kan ƙanwarsa, kuma bai ma sami abin da ya sayar da ita dominsa ba.

Allah ya jiƙan Kaka. Ba mai sanyin hali ba ce, kada a ƙara faɗa. Mace ce da ta taka ƙasa daga Katagum har bakin teku, ta bar 'ya a gindin kuka, ta ƙi barinta karo na biyu. Allah ya haɗa ta da goyonta a inda ba a tambayar kowa takarda.

Sai bara, muna tsintar shinkafa ni da matar Baba Babba, shi yana ciki kwance da ciwon baya da dako ya bar masa, ta faɗa mini abin da yayanta ya ɓoye shekara da shekaru. Ba a ƙi karɓa ba. Umda ya amshi hoton, ya duba, bai tambayi dutse ba, bai tambayi dabbaba ba. Shaidu sun riga sun yi magana, alƙalami yana hannunsa. Ya ɗora yatsa a kan goyon ya ce, “Wannan kai ne?” Amsa ɗaya ake jira.

Baba Babba ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, da Hausa, a gaban mutumin da ba ya jin Hausa, “Ƙanwata ce. A Karan ne. Ni na haƙa mata.”

Ya karɓi hotonsa ya fito.